Mai Zane Manomi Ne, Mai Gidan Tarihi Mai Rumbu

Duk wanda ya tashi a Faskari ko Sabuwa ya san noma daban, ajiya daban. Wani zai cika gona da masara, amma kafin bazara gara da ƙwari sun cinye rabi. Wani kuwa gonarsa ba ta kai ta maƙwabcinsa ba, sai dai rumbunsa yana kan duwatsu, jinka ba ta yoyo, zangarniyar iri kuma tana rataye inda hayaƙi ke bugunta. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙofarsa ake yi wa layi.

Aikin gidan adana kayan tarihi ke nan. Mai zane ya noma, ma'aikacin gidan tarihi ya ajiye. Ajiyar kuwa ba jibge kaya a ɗaki ba ce. Shi zai zaɓi abin da ya cancanci shiga, ya rubuta wanda ya yi shi da garinsu da shekarar, ya tsare shi daga laima da ƙura da hasken rana mai kashe launi, sannan ya san lokacin fito da shi mutane su gani. Zanen da ba a rubuta asalinsa ba, bayan shekara talatin ya zama tarkace. A ganina nan muka fi rauni: masu hannu muna da su, masu riƙon amanar abin da hannun ya yi ne suka yi ƙaranci.

Kuma hanyar karatun ba ta da nisa. Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar safiya ce, a can sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake. A Zariyar nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage sai zanen zamani ya ɗebo daga al'adun gida. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da Gidan Makama a Kano da gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Aikin gwamnati ne, albashin ba na kece raini ba, wannan kam gaskiya ce.

Ga mai sha'awar ginin tukwane kuwa, a Ƙanƙara ma ga farar ƙasa a kwance, irin wadda ake yin tangaran da ita. Ladi Kwali da ke jikin naira 20, ginin tukunya ne ya kai ta Ingila da Amurka.

Don haka iyaye, in kun ga yaro yana cika bayan littafinsa da zane, ko yana tara tsoffin kuɗi da faifai da ƙoren da aka yi wa zube, kada ku ce shiririta yake. Ku kai shi gidan tarihin Katsina ko da sau ɗaya ne, ya yi wa ma'aikatan tambayoyi.