Idan Aka Ce Ki Dawo A Sake Gwaji, Ki Dawo

'Yar uwa, kin taɓa zuwa asibiti aka auna ki, sannan ma'aikaciya ta ce ki ɗan zauna a sake? Da yawanmu ranmu na ɓaci. Wata baiwar Allah daga wajen Kurgu, a ƙaramar hukumar Bagudo, ta taɓa ce min: "Malama, idan na'urarku ta san aikinta, me ya sa sai an maimaita?" Ta biya kuɗin mashin, ta bar yara wajen kishiya, ga ni ina ce mata ta dawo. Tambayarta na kan hanya, kuma amsar ta shafi kowace uwa.

Babu ma'aunin da ba ya kuskure. Kafin mu ɗora jariri a sikeli, sai mun tabbatar ya tsaya kan sifiri, in ba haka ba zanin goyo ma ya shiga lissafi. Awon jini kuwa, matar da ta sha rana a kan mashin dole ta huta minti biyar, a auna, a sake aunawa. Injiniyoyi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke gina na'ura yadda za ta kama kuskurenta ta gyara. A 1950 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Hamming, ya fito da dabarar ƙara 'yan lambobi a jikin saƙo, ta yadda idan guda ta gurɓace a hanya, na'ura za ta gano ta mayar da ita daidai. Irin wannan dabara ce ke sa saƙon murya ya iso ki lafiya ko da sabis na rawa, kamar yadda yake yi a bakin iyakarmu da Benin.

Na'urar hoton ciki ma tana da nata lissafin. Sauti take aikawa cikin jiki ta saurari amsa-kuwwarsa. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa da miliyoyi take aiki. Sauti mai saurin kaɗawa yana ba da hoto tas amma ba ya nisa, mai jinkiri yana shiga can ciki amma hoton da dishi-dishi. Saboda haka kan na'urar da ake duba juna biyu da shi daban, na duba mama daban. Idan an duba cikinki lokacin awo, kada ki ɗauka an duba mamanki.

To mene ne haɗin wannan da ciwon daji? Jikinki ma yana kwafar saƙo yana gyarawa. Duk ƙwayar halitta da za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun gadonta, haruffa wajen biliyan 3. Ki tuna yaro a makarantar allo: yana rubutu, malam na bi yana gyara. Haka jiki ke da masu bin sawu, har kuskuren da ke tsira bai wuce kusan ɗaya cikin biliyan ba. Masana uku, Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar, sun sami lambar Nobel a 2015 saboda gano yadda wannan gyara ke gudana. Kansa tana farawa ne idan kurakurai suka taru ba a gyara ba, ƙwaya ta riƙa hayayyafa babu birki.

Kansar bakin mahaifa ita ce misalin da ya fi kusa da mu. Ƙwayar cutar HPV ke haddasa kusan dukkanta, ta hanyar kashe aikin mai gadin da ke tsayar da ƙwayar da ta lalace. Nau'i biyu kawai, na 16 da na 18, ke jawo kusan kashi 70 cikin 100. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Amma cutar tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa a jikin mai lafiya. Wannan tazara rahama ce, domin a cikinta gwaji ke kama abin da jiki ya kasa gyarawa, a magance shi tun bai yi jijiya ba.

Mu 'yan Kebbi ba baƙi ba ne a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta shafe shekaru tana wayar da kai kan kansa, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC. Tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, allura ɗaya, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ba ta hana haihuwa. Abin da take karewa ma ita ce mahaifar.

Ga abin da ke hannunki. Ki tambayi asibitin da ke kusa da ke batun allurar 'yarki. Idan kin kai shekara 30, ki nemi gwajin bakin mahaifa ko ba kya jin komai. Jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ko ƙulli a mama, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki je a duba. Yawancin ƙulli ba kansa ba ne, amma hannu ba ya rarrabewa, kuma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Idan aka tura ki Birnin Kebbi ko Sakkwato, ki riƙe takardunki duka, domin likita ya kwatanta na jiya da na yau.

Ita baiwar Allahn nan ta dawo ranar kasuwa, da 'yarta mai shekara 10 a bayanta. Ke fa, me ya taɓa hana ki komawa: kuɗin mota, izinin maigida, ko tsoron sakamako? Ki faɗa mana a ƙasa, wata za ta ƙaru. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.