Baƙo da Harshen Gari

A ƙasar Amurka akwai makarantu da ake kira kwalejojin jama'a, inda akan yi karatun shekara 2 bayan sakandare. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta garin Joliet, aka buɗe ta a 1901 da almajirai 6 kaɗai. Kuɗinsu bai kai na jami'a ba.

Baƙi daga Meziko da Sin da sauran ƙasashe sukan tafi can koyon Turanci. Gama wanda ba ya jin harshen gari, ko da likita ne a ƙasarsu, ya yiwu ya ƙare a wanke-wanke.

Da zuwan baƙo sai a jarraba shi, a sa shi ajin da ya dace da shi. Nan zai koyi ji da magana, da karatu da rubutu. Wahalar Turanci ita ce, sau da yawa rubutu dabam, faɗi dabam. Waɗansu azuzuwa da dare ake yin su, saboda masu aikin rana. Akan ga dattijo mai furfura zaune kusa da saurayi, suna maimaita darasi ɗaya. Wanda ya ƙware sai ya shiga koyon sana'a, ko kuwa ya wuce jami'a.

Ashe gemu ba ya hana ilmi.