Waya a Aljihun Likita Mai Neman Ƙwarewa

Likitan da ya shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, na Malam Aminu Kano ne ko na Shika a Zariya, ɗalibi ne marar aji. Da rana yana bin babban likita gado-gado, da dare yana kwanan aiki, ga kuma jarrabawar kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, tana jiransa. A da, babban kukansa rashin littafi ne: kwafi ɗaya a laburare, tsohon bugu, mutum goma na jira. Wannan kukan ya ragu. Tun 1997 aka buɗe rumbun binciken likitanci na PubMed kyauta ga kowa, a 2002 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin Hinari, mai bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. Yanzu karatu ya yi yawa, abin da ya rage shi ne yadda zai zauna a kai.

Nan ne ake yawan ruɗuwa. A 2008 mujallar JAMA ta buga nazarin David Cook da abokan aikinsa, waɗanda suka tattara bincike 201 kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Sun gano cewa ya fi rashin darasi nesa ba kusa ba, amma in aka gwada shi da koyarwar gaba da gaba, kusan kunnen doki suke yi. Ke nan albarkar ba a jikin na'urar take ba. Shekara guda bayan haka, Douglas Larsen da abokansa a Amurka suka raba likitoci masu neman ƙwarewa a fannin yara da na gaggawa: wani darasin a maimaita karanta shi, wani a riƙa amsa tambayoyi a kansa. Bayan wata shida, abin da aka sha tambayarsu shi ya fi zama. Don haka likitan da ya cika wayarsa da littattafan da bai buɗe ba ya tara kaya ne kawai. Wanda ya ga yaro mai sikila da ciwon ƙirji da ƙarfe biyun dare, ya duba hoton ƙirjin, ya yanke nasa hukuncin, sannan ya buɗe shafin hotunan asibiti na Radiopaedia ya gwada da makamantansa, gari na wayewa ya kai wa babban likita ya sha gyara, shi ne ya yi karatu.

Za a ce akasarin abin da ke intanet an rubuta shi ne don asibitocin Turai da Amurka, inda gwaji da magani suke a hannu. Gaskiya ne, amma tsofaffin littattafan laburaren ma daga can suka zo, kuma ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan zazzaɓin cizon sauro, da na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, kan zazzaɓin Lassa, ta wayar nan ake samunsu. Za a kuma ce waya na raba likita da majiyyaci. Wannan ƙorafin ya fi nauyi, domin ba a koyon taɓa ciki ko kama jijiyar jariri a bidiyo. Amsarsa ita ce a yi amfani da intanet wajen kawo malami kusa, kamar shirin ECHO da Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003, inda likitocin karkara ke gabatar wa ƙwararru matsalolin majiyyatansu ta bidiyo a tattauna.

Sauran abu biyu na wuyan hukumomin asibiti. Bai dace kuɗin data da cajin waya su fito daga albashin wanda ake horarwa ba. Hoton majiyyaci kuma da ake turawa zaurukan WhatsApp don neman shawara amana ne: a nemi izininsa, a rufe fuska, a goge suna da lambar kati kafin a tura.