Daga Kakuri Zuwa Kujerar Matuƙin Jirgin Sama

Tsakanin Kakuri da Zariya tafiyar kilomita tamanin ce da 'yan kai, mota ba ta cika sa'a biyu ba ta isa. Amma ga ɗalibin da ya gama sakandare a Kakuri ko Makera ko Barnawa, yana kuma fatan zama matuƙin jirgin sama, wannan 'yar tafiya ta fi ta ƙetare teku wuya.

A Zariya ne Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya take. Gwamnatin Tarayya ta kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO. A can Kyaftin Chinyere Kalu ta shiga kwas a 1978, ta zama mace ta farko a ƙasar nan da ta sami lasin tuƙin jirgin haya, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin a 2011.

A wancan zamani kudancin Kogin Kaduna unguwar ma'aikata ce. Masaƙar KTL tana aiki tun 1957, kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kakuri a 1975, kowace asuba kekuna sai su cika titi. Ma'aikacin masaƙa ba shi da kuɗin da zai koya wa ɗansa tuƙin jirgi, amma akwai wata ƙofa. Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, wato Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, yakan ɗauki samari ya ɗauki nauyin horonsu. Tsarin irin wannan kwas ko'ina a duniya ɗaya ne: kamfani ya zaɓa, ya biya, shi kuma ɗalibi ya sa hannu cewa zai yi wa kamfanin aiki na wasu shekaru. Wahalar duka tana wajen a zaɓe ka.

Zaɓen kuwa ba na wasa ba ne, kuma har yanzu matakansa ba su sake ba sosai. Da farko a duba takardu, a ga ko akwai kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Sa'an nan a zauna jarrabawar rubutu, a gwada saurin fahimta da yadda ido da hannu suke aiki tare, a yi ganawa da manyan matuƙa. Turancin ma ba na cin jarrabawa kaɗai ba ne, domin da shi matuƙi yake magana da hasumiyar filin jirgi, kuma ICAO ta ƙayyade mataki na huɗu a matsayin mafi ƙanƙantar ƙwarewar da za a yarda da ita.

Inda aka fi yin kuka shi ne gaban likita. Ana auna zuciya da jini da ji da gani, kuma abin da yake kayar da samari masu hazaƙa sau da yawa abu ne da su kansu ba su san suna da shi ba, watau rashin bambance launi. Likita zai buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala, a cikinsu an ɓoye lamba, ya ce a karanta. Wanda idonsa ba ya raba ja da kore sai ya ga ɗige kawai. Dalilin tsanantawar a fili yake: fitilar fiffiken hagu na jirgi ja ce, ta dama koriya, fitilun da suke nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa lokacin sauka kuma ja da fari ne. Wannan lalura ta fi samun maza, gado ce, ba ta da magani. Sa tabarau kuwa, wanda iyaye da yawa suke tsoro, ba ya hana mutum shiga muddin yana gyara ganin yadda ake bukata.

To, amma ƙofar nan ta kamfanin ƙasa ta rufe. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, masaƙun Kakuri ma suka yi ta rufewa a shekarun nan. Kamfanin Chanchangi, wanda aka kafa a 1994 da hedkwatarsa a nan Kaduna, shi ma ya daɗe da ajiye jiragensa. Yanzu galibin ɗalibai iyayensu ne suke biya, ko kuwa wata gwamnatin jiha, kuɗin kuwa miliyoyin naira ne da albashin ƙaramin ma'aikaci ba zai taɓa tara su ba. Jarrabawar tana nan, sai dai aljihu ya riga ta tace mutane.

Ko an samu mai biya, lasin kaɗai ba ya ba da aiki. Ɗalibi yakan fito da lasin haya bayan ya yi kamar sa'o'i 200 a sama cikin ƙananan jirage, alhali cikakken lasin da ake zama kyaftin da shi yana bukatar sa'o'i 1,500. Kafin kamfani ya ɗora shi a kan jirgi irin Boeing 737, sai ya yi wani kwas na musamman a kan wannan samfurin kaɗai, shi ma da kuɗinsa mai nauyi. A tsarin da, kamfanin da ya zaɓe ka shi ne yake da jirgin, saboda haka wannan giɓi bai taso ba. Gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan a 2013 don koyon tuƙi, abin yabo ne ƙwarai, amma da suka dawo da lasinsu da yawa daga ciki sun daɗe suna jiran aiki saboda rashin wannan kwas na ƙarshe. Duk jihar da take son yin irin wannan ya kamata ta fara ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai ɗauke su tun kafin ta sayi tikitin tafiya.

A ƙasashen waje ma an gane cewa tsadar tana korar 'ya'yan talakawa. Kamfanin British Airways na Ingila ya buɗe kwas a 2023 wanda shi ne yake biyan kuɗin horon duka, ya ware gurabe sittin, mutum fiye da dubu ashirin suka nema.

Ga ɗalibin da yake Kakuri a yau, matakin da ya fi araha shi ne ya fara da zuwa wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi, ya yi gwajin lafiya na aji ɗaya. Gara a san matsayin ido da zuciya tun kafin mahaifi ya sayar da fili ko ya taɓa kuɗin sallamarsa.