Madatsar Watari: aji ne da ba shi da allo

Mu 'yan Tsanyawa mun taso cikin gonakin gero da gyaɗa, har wasunmu na ganin sai an je Yankari ake yawon buɗe ido. Alhali ga Madatsar Ruwa ta Watari nan kusa da mu, a ƙaramar hukumar Bagwai.

An gina ta ne a kan kogin Watari a ƙarshen shekarun 1970, bayan fari ya addabi Arewa a farkon waɗannan shekaru. Yau da ruwanta ake noman rani, shinkafa da tumatir da albasa, masunta kuma suna kama tarwaɗa da karfasa.

Idan za mu je, mu yi sammako lokacin hunturu. Da sanyin safiya ne ake ganin balbela da zalɓe suna kiwo a bakin ruwa. Mu riƙe littafi mu rubuta sunan kowane tsuntsu, mu kuma tambayi dattawan wurin yadda garuruwansu suke kafin ruwa ya taru.

Sai dai ruwa ba ya wasa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwalekwale ya kife tsakanin Badau da Bagwai, mutane da dama suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Don haka mu tafi tare da malami, kada mu shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kada kuma mu yi iyo.