Ƙiba, Teɓa Da Jajibirin Ciwon Sukari

Gabatarwa

A Hausance, idan aka ce wa mutum "ka murje", yabo ne, alamar hutu da kwanciyar hankali. Ramamme shi ake tambaya ko lafiya. A wannan ɗan rubutu ina so in nuna wa 'yan'uwa ɗalibai cewa sikeli kaɗai ba ya fallasa wanda ciwon sukari yake yi wa kwanton ɓauna.

Mene Ne Jajibirin Ciwon Sukari?

Akwai wani mataki da sukarin jini yake haura ƙa'ida, amma bai kai a kira shi ciwon sukari ba. Na zaɓi in kira shi "jajibiri", domin kamar jajibirin salla yake: ranar ba ta zo ba, amma tana bakin ƙofa. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ce idan aka gwada mutum da safe kafin ya karya, aka sami miligiram 100 zuwa 125 a kowace desilita ta jini, to yana wannan mataki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa daga 110 take farawa. Daga 126 zuwa sama, idan an sake gwaji ya tabbata, ciwon ne ya kankama. Abin tsoron shi ne, yawanci babu wata alama da mutum zai ji a jikinsa.

Nauyi Da Mazaunin Kitse

Likitoci kan raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Misali, mai kilo 80 da tsawon mita 1.7 zai sami kusan 27.7. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai. Sai dai wannan lissafi bai san inda kitse ya taru ba. Kitsen da ya fi illa shi ne na teɓa, wanda yake lulluɓe hanji da hanta. Shi ne yake sa tsoka da hanta su daina jin maganar insulin, sinadarin da yake shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki. Sai sukarin ya yi ta taruwa a jini.

Saboda haka akan sami siriri mai ɗan tumbi, ga hawan jini, ga maiƙo a jini, alhali sikeli yana cewa lafiyarsa lau. Akan kuma sami mai jiki wanda duk gwaje-gwajensa suka yi kyau. Amma kada ya saki jiki, domin da yawa daga irinsu sukan rasa wannan lafiya idan shekaru suka tura. Awo mai sauƙi shi ne da tef ɗin tela: kada zagayen ciki, wajen saitin cibiya, ya kai rabin tsawon mutum.

Mafita

A shekarar 2002 aka bayyana sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutum 3,234 da suke wannan mataki. Rukunin da aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan ƙwayar metformin kuwa da kashi 31 ya ragu. Ga mai kilo 80, abin bai kai kilo 6 ba.

Kammalawa

Shawarata ita ce, duk wanda ya kai shekara 35, ko yake da teɓa, ko ciwon yake cikin danginsa, ya je a gwada jininsa. Mai sikila ko mai ɗauke da ƙwayarta ya sanar da likita, domin tana iya rikita gwajin HbA1c. A rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, a yawaita tafiyar ƙasa. Masu iya magana sun ce, rigakafi ya fi magani.