Gidan da Ɗansu Ya Tafi Jan Baƙi

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, sai a fara jin wani irin shiri a wasu gidajen Hausawa na Kubwa, Nyanya, Gwagwalada da Dei-Dei, shirin da ya bambanta da sayen gero da sukari. Akwai saurayi mahaddaci a gidan, sunansa kuma ya fito cikin waɗanda za a tura tafsirin azumi. Ƙungiyoyin addini, musamman Izala da aka kafa a Jos a 1978, kan rarraba malamai da alarammomi zuwa garuruwa kowace shekara, har Nijar da Kamaru da Gana. Wasu kuma masallaci ne ke gayyatarsu kai tsaye. Malami shi ke fassara, alaramma shi ke jan baƙi, kuma sau da yawa alaramman nan yaro ne da ya taso ta Islamiyya da musabaƙa, bai ma yi aure ba.

Barin gida saboda Alƙur'ani tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu sun tafi gabas da allo a rataye, suka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Manyan malamai ma sun saba yin azumi nesa da iyali: marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Kano yake zaune, amma tafsirinsa a Masallacin Indimi na Maiduguri yake yi. Abin da ya sauya shi ne gidan da ake bari. A Kano ko Zariya, in mutum ɗaya ya tafi, akwai baffanni da 'yan'uwa cike da gida. Abuja kuwa, wadda gwamnati ta tare a cikinta a 1991, gari ne na haya da ɗaki biyu da falo. Saurayi ɗaya shi ke raka mahaifinsa shago, shi ke tare mai kura ya sayi ruwa, shi ke neman ƙanƙara kafin magariba. Ba da shi a watan azumi ba ƙaramar kyauta ba ce, kuma a ganina ladan wannan tafsiri da gidan ake raba shi.

Guzuri aikin uwa ne. Abin da ta fi damuwa da shi maƙogwaronsa, domin da murya zai yi aiki wata guda. Za ta daka citta da kanumfari da masoro, ta zuba zuma a gora ta ɗaure bakin da leda, ta haɗa da dambun nama da ɗan yaji. Ƙannensa mata su goge jallabiyoyi, su ninke huluna. Ranar tafiya ya durƙusa gaban mahaifinsa, nasihar kuma ba ta cika tsawo ba: "Ka riƙe mutuncinka. Abin da aka ba ka ka ci, kada ka roƙi kowa. Allah ya yi maka albarka." Uwa ba ta raka shi tashar Jabi ko Zuba. Iyakarta bakin ƙofa, ta ce, "Allah ya tsare hanya," ta koma ciki.

Addu'ar hanya ba al'ada kawai ba ce ga mutanen Abuja. Sun san abin da hanyar Kaduna ta yi fama da shi na masu garkuwa da mutane, ba su kuma manta da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ba, kwanaki kaɗan kafin azumin shekarar. Shi ya sa ba a samun natsuwa sai waya ta yi ƙara an ji ya sauka.

Daga nan sai kewa ta shiga cikin hidimar yau da kullum. Idan ɗan fari ne, uwa ba za ta kama sunansa ba saboda alkunya. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Maman yara, ya kewar Alaramma?" sai ta amsa, "Yana can, sun ce lafiya lau," kamar abin bai dame ta ba. Amma ita ce ta san lokacin faɗuwar rana a garin da yake. In Yola aka kai shi, tana tsaka da suyar ƙosai za ta ce wa 'yarta, "Yayanku dai ya sha ruwa yanzu." In Legas ne ko Sakkwato, sai ta kai dabino baki tana tuna cewa shi da saura. Gidaje da yawa kan ware kofin kunun tsamiya da ƙosan da zai ci, a miƙa wa almajiri ko mai gadin layi da niyyar Allah ya haɗa shi da masu kyautata masa a can.

Gurbinsa na ibada ma sai an cike shi. Ƙanensa da bai wuce izu goma ba shi ake turawa gaba ya ja mata asham, yana tuntuɓe uwa tana gyara masa daga baya. Yara da yawa a nan suka fara limanci. Iyayenmu sun taso suna kewaye rediyo don jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna. Yau waya ake jinginawa da fulas, a buɗe Facebook ko a saurari abin da aka turo ta WhatsApp. Kowa na bin fassarar malam, ita kuwa uwa muryar ɗanta take aunawa. Da ta ji ta dushe, gobe da sahur za ta kira: "Ka daina shan ruwan sanyi, ka ji ko?" Mahaifin ba ya yabo a fili. Sai dai a shago ka ga ya ƙara sautin wayar har abokan ciniki su tambaya wane ne ke karatu.

Goman ƙarshe ta fi nauyi, don ga tahajjud ga ɗinkin sallah, kuma nasa ɗinkin da tsohuwar rigarsa ake kai wa tela awo. Akan rufe tafsiri 'yan kwanaki kafin sallah, lokacin da motoci ke fita daga Abuja maƙil da masu tafiya gida, shi kuma yana shigowa. Ɗan ihsanin da jama'ar masallaci suka haɗa masa, a hannun mahaifinsa yake fara ajiye shi, sannan ya kwance tsaraba: atamfa ga uwa, kilishi ko man shanu ga gida, gwargwadon abin da garin ya shahara da shi. Ranar idi maƙwabta kan shigo yi wa iyayen barka da sallah da barka da dawowar Alaramma a gaisuwa ɗaya.